Atini: Kurakuran da ke Karya Garkuwar Hanji

Da damina ta kankama a Gombe, ambaliya ta haɗa ruwan masai da na rijiya, sai atini ya yawaita: murɗawar ciki, yawan zagayawa, bayan gida da majina da jini. Cikin masu haddasa shi akwai ƙwayar amiba, Entamoeba histolytica. Amma a mutum 10 da suka haɗiye ta, kusan 9 ba sa jin komai. Majinar da ta lulluɓe bangon babban hanji, tare da sinadarin kariya na IgA, su ke hana ta mannewa. Sai ta keta wannan shinge ciwo ke tashi.

Shi ya sa babu kuskuren da ya kai shan dexamethasone ko prednisolone barkatai, musamman don neman ƙiba. Aikin waɗannan magunguna shi ne kwantar da garkuwar jiki. Mai ɗauke da amiba a ɓoye idan ya dimanci shansu, ya buɗe mata ƙofa: tana iya cin bangon hanji har ya huje, abin ya kai ga tiyata ko rasa rai. Wanda likita ya ɗora shi a kansu kuwa, kada ya daina da kansa; ya gaggauta sanar da likitan in ya ga jini.

Sai sayen Flagyl a kemis, a sha kwana 2, ciki ya lafa, a ajiye. Ko an shanye shi duka, amibar da ta shiga nama yake kashewa, ba ya share ragowar da ke kwance cikin hanji. Wannan sai an biyo da wani magani, kamar paromomycin ko diloxanide. In ba haka ba, mutum ya ci gaba da yaɗa ta a gida, ko ta bi jini ta tara mugunya a hanta, abin da ya fi samun maza. Kuma ba kowace gudawa mai jini ce amiba ba, wata ƙwayar bakteriya mai suna Shigella ma na kawo ta. A yi gwaji tukuna.

Masu cewa "na taɓa yi, jikina ya saba" su ma sun yi kuskure. Binciken da aka yi kan yara a Dhaka ta Bangaladesh ya nuna kariyar IgA ba ta daɗewa, kuma har yau babu allurar rigakafinta. Yaro mai tamowa da mace mai juna biyu in atini ya kama su, kada a tsaya yi musu jiƙe-jiƙe, a kai su asibiti.

Ruwan 'yan garuwa kuwa a tafasa shi, don kulorin da aka saba sakawa ba lallai ya kashe ƙwan amiba ba.