Kafin ka kashe kuɗi a kan kapasita, duba waɗannan tukuna

Jama'a tambayar nan ta yi yawa a Garwa, wai in bes, wato ƙasan sautin kiɗan mota mai kauri, ya buga fitilun mota suna dishewa, a sa kapasita wuta ta ƙaru? Gaskiya ba ya ƙara wuta ko kaɗan. Altanato ne ke samar da wuta, shi kapasita ajiya kawai yake yi, kamar randa ce a gindin famfo, in famfo ba ya kawo isasshen ruwa ita ma ƙafewa za ta yi. Mai farad 1 (ma'aunin girman kapasita) ɗin nan da ake yayi, in amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai wat 1000 ta ja da ƙarfi, taimakon da zai bayar ko kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba ya kaiwa, daga nan shi ma ya koma jiran altanato ya cika shi.

To ga yadda za ka bi. Samo mitar auna wuta ka auna batir yayin da mota ke kashe, lafiyayye zai nuna wajen volt 12.6. Tada inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Sai ka ƙure kiɗan, ka sake aunawa a bakin amfilifaya kanta, in a can ya faɗi sosai amma a kan batir yana nan daram to wayarka ce matsala. Da yawa wayoyin kasuwa roba ce mai kauri, cikin kuwa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kankare shi da wuƙa za ka ga fari. Sayi ta jan ƙarfe zalla. Wayar da ke zuwa jikin mota ta zama gajera, ka goge fenti sai ƙarfe ya fito fes kafin ka ɗaure noti, wallahi wannan kaɗai ya isa ya gyara motoci da dama. Fiyus kuma kusa da batir, dan Allah kar a yi wasa da wannan, gobara ce.

In kuma har a kan batir ɗin wutar na faɗuwa, duba shekarunsa, zafin Maris da Afrilu na nan arewa yana cinye batir da wuri. In batir lafiya lau, to altanato ne ya yi kaɗan, ƙananan motoci irin su Corolla yawanci nasu bai kai amfiya 100 ba, ga fitila ga AC ga fanka duk a kansa. Ko ka nemi babba ko ka rage amfilifaya.

Bayan duk wannan in ɗan ƙiftawar fitila ce ta rage, nan kapasita ke da rana. Ɗaura shi dab da amfilifaya, ka tabbatar ba ka juya masa kai ba, kuma karon farko kar ka jona shi kai tsaye, tartsatsi zai yi ya ƙona fiyus. Sa ƙaramin kwan fitila na volt 12 a tsakani, zai kama yana dishewa a hankali, in kwan ya mutu kapasita ya cika kenan, sai ka cire kwan ka haɗa wayar.