Yadda Za a Kare Kajin Gida Idan Murar Tsuntsaye Ta Ɓarke

A yawancin gidajenmu na karkara da na gefen gari, kaji su ne asusun matar gida. Da kuɗin zakara biyu ake ɗinka wa yaro kayan makaranta, da ƙwan zabi ake sayen sabulu da gishiri, kuma idan baƙo ya sauka ba zato, akurki ake nufa. Saboda haka duk lokacin da aka ji sanarwa a rediyo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla, bai kamata mai kaji goma ko ashirin ya ɗauka cewa maganar ta masu manyan gonaki ce kaɗai ba. Gaskiya ne cewa a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, a jihar Kaduna, aka fara tabbatar da nau'in cutar da ake kira H5N1 a watan Fabrairu na 2006, wanda shi ne karo na farko da aka gan shi a kajin nahiyar Afirka, amma kafin watan ya ƙare an tabbatar da shi a Magariya ta jihar Damagaram a Nijar, inda kiwon gida ya fi yawa. Cutar ta sake dawowa da ƙarfi a 2015, ta kuma dawowa a 2021, kuma Kano da Filato da Bauchi suna cikin wuraren da suka ji jiki.

Abin da ya wajaba a fara fahimta shi ne cewa wannan cuta ba ta da maganin da za a ba kaza ta warke. Kafso mai launin ja da rawaya da ake fasawa a ruwan sha, da jiƙon maɗaci, da barkonon da ake dakawa a zuba a kasko, babu wanda ke taɓa ƙwayar cutar, domin ƙwayar bairos ce, maganin kashe bakteriya ba ya yi mata komai. Rigakafin da ake ɗiga wa kaji a ido ko a zuba musu a ruwa kuwa na wata cutar kaji ne daban da ake kira Newcastle, yana da amfani ƙwarai kuma ya kamata a ci gaba da yin sa, amma ba ya kare su daga murar tsuntsaye. Duk dabarar da ta rage wa mai kiwo tana wajen hana cutar shigowa gidansa.

Cutar ta fi tashi a lokacin hunturu saboda dalilai biyu. Na farko, a wannan lokacin ne tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, kuma wasunsu suna ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ta kwantar da su ba. Na biyu, sanyi yana tsawaita ranta. A cikin kashin tsuntsu takan wuce wata guda da rai idan wuri ya yi sanyi sosai, alhali a zafi irin na bazara ba ta kai mako. Duk da haka, a ganina an fi ɗora wa tsuntsayen daji laifi fiye da yadda suka cancanta. Suna iya kawo cutar ƙasa, amma wanda ke ɗaukar ta daga gari zuwa gari, daga kasuwa zuwa tsakar gida, galibi mutum ne, a kwandonsa da takalminsa da bayan babur ɗinsa.

Don haka matakin farko shi ne a daina shigo da kowace irin kaza, ko zabuwa, ko agwagwa, ko talotalo, har sai an ji cewa annobar ta lafa. Wannan ya haɗa da kazar kyauta, da wadda aka kawo wa mai jego, da zakaran da ake aro daga maƙwabta don a gyara iri. Ya kuma haɗa da kazar gidan da aka kai kasuwa ba a yi ciniki ba aka dawo da ita, domin ta wuni a cikin ɗaruruwan tsuntsaye daga wurare daban-daban, ta sha ruwa a gwangwani ɗaya da su. A yi hattara musamman da kajin da farashinsu ya faɗi ƙasa warwas a lokacin annoba. Idan dillali ya sallama dakwalen kaji uku a kuɗin guda ɗaya, mai yiwuwa ne wani ne ya ga mutuwa ta fara a gonarsa ya yi sauri ya kwashe sauran zuwa kasuwa. Na ga yadda hakan ta faru a wani gida da ke kusa da namu: an sayo kaji huɗu masu araha ranar kasuwa aka sake su a tsakar gida da la'asar, kwana uku bayan nan uwargida ta buɗe akurki da asuba ta tarar da gawa bakwai, kafin mako ya zagayo ba a bar mata ko ɗan tsako ba. Idan ya zama dole a karɓi sabuwar kaza, to a ajiye ta a keɓe, nesa da sauran, da kaskon ruwanta da na abincinta daban, na tsawon makonni uku, kuma a riƙa duba ta a ƙarshe bayan an gama da na gida.

Mataki na biyu ya fi wuya, domin ya saɓa wa yadda muka saba kiwo: a kulle kajin. Kazar gida ta saba a buɗe mata da safe ta shiga bola da kwata da gidajen maƙwabta tana tone-tone, ta dawo da magariba, kuma wannan yawon ne ke ciyar da ita kyauta. A lokacin annoba shi ne kuma ke kai ta inda aka yar da mushe. Ba sai an gina ɗaki na bulo ba. Ana iya kewaye wani lungu na gida da zana ko karan dawa, a rufe samansa da tsohon kwano ko buhu ko leda mai kauri don kada kashin kurciya da gwara da balbela ya faɗo ciki, sannan a toshe gefen da ragar waya ko tsohon gidan sauro. A bar hanyar iska, domin kajin da aka cunkushe a wuri marar iska za su kamu da wata cutar daban. Tun da an hana su kiwo, nauyin ciyarwa ya dawo kan mai su: dusa, tsakin masara ko dawa, ragowar tuwo, ɗanyen ganye irin su zogale, da ɗan garin ƙashi ko ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka saboda masu yin ƙwai. A daina watsa tsaba a fili, domin tana tara tsuntsayen waje, a zuba a kasko a cikin rumfa kuma a kwashe ragowar da yamma. Ruwan sha ya zama na rijiya ko na famfo, ba na kududdufi ko tafki ba.

Agwagi suna buƙatar kulawa ta musamman. Agwagwa tana iya ɗaukar cutar tana zubar da ita a kashinta alhali tana cin abinci tana wanka kamar ba abin da ya same ta, kuma ita ce ke zuwa kududdufin bayan gari inda take cuɗanya da na daji. A raba mata wurin kwana da wurin sha da na kaji, kuma a hana ta zuwa ruwa. Talotalo da zabi su ma suna kamuwa, kuma talotalo ba ya jure mata ko kaɗan.

Sai maganar ƙafa da hannu. A ware takalmi guda, ko da silifas ɗin roba ne, wanda ba a shiga wurin kaji sai da shi kuma ba a fita waje da shi. Mutum ɗaya baligi ya riƙa kula da su, a ɗauke wa yara wannan aiki a wannan lokaci, duk da cewa su ne suka saba kamo kaji da magariba. Wanda ya dawo daga kasuwar kaji, ko wanda ke aiki a gonar kaji, ko mai sana'ar fige kaji, ya wanke hannu da ƙafa da sabulu ya canza tufafi kafin ya matso kusa da akurki. Dillalin da ke bi gida-gida da kwando ya tsaya a waje. Kwalin ƙwai na takarda da ya yi yawo a gonaki kada ya shigo, haka ma buhun kashin kaji da ake sayowa don takin lambu. Wajen wanke kasake da kwanduna, a fara kankare datti da ruwa da omo, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan busasshen kashi, sannan a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic cikin kashi tara na ruwa, na minti goma, a ɗauraye a shanya a rana.

Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce mutuwar farat ɗaya, a kwana da kaji lafiya a wayi gari da gawarwaki da yawa. Waɗanda suka ɗan daɗe za a gan su sun takure, gashinsu ya tashi, sun daina ci, kai da fuska sun kumbura, zanko da naman ƙarƙashin haɓa sun koma shuɗi-shuɗi, ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Akan ga zawo kore, da numfashi da baki a buɗe, da murɗewar wuya, masu ƙwai kuma su daina ko su yi mai taushin ɓawo. Yawancin waɗannan alamu ana ganin su a cutar Newcastle, kuma ko likitan dabbobi ba ya rabe su da ido, sai an kai samfur ɗakin gwaji. A Nijeriya Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ke tabbatar da hakan. Saboda haka duk mutuwa mai yawa a lokacin annoba a ɗauke ta a matsayin murar tsuntsaye har sai an ce ba ita ba ce.

A nan ne al'adarmu ta fi jefa mu cikin haɗari. Da zarar an ga kaza ta fara gyangyaɗi, abin da aka saba shi ne a kira yaro ya kawo wuƙa a yanka ta kafin ta zama mushe, a fige, a jefa a miya, don kada a yi asara biyu. Na san zafin ganin dukiya tana zubewa, amma ina roƙon kada a yi haka. Yanka da figa da fiɗa su ne lokacin da mutum ya fi cuɗanya da jini da majina da ƙurar gashin kazar, kuma ta nan ne cutar ta fi kama mutane. Ba kasafai take kama mutum ba, amma idan ta kama tana kisa, kuma a watan Janairu na 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas. Dahuwa sosai, wadda ta ratsa nama har ba sauran ja a jikin ƙashi, tana kashe ƙwayar cutar, shi ya sa cin naman lafiyayyar kaza da dafaffen ƙwai ba matsala ba ne. Haɗarin yana kan wanda ya gyara ta kafin ta kai tukunya, da sauran kajin da za su tsattsagi hanjin da aka zubar. Kada kuma a kwashe waɗanda suka rage zuwa kasuwa ko gidan dangi a wani ƙauye, domin wannan ɗaukar gobara ce a kai wa wasu.

Gawar kaza ba a ɗaukar ta da hannu tsirara. A rufe hanci da baki da takunkumi, a sa hannu cikin leda a ɗauke ta a juye ledar a kanta a ɗaure. A ajiye ɗaya ko biyu a inuwa, inda kare da kyanwa ba za su kai ba, saboda jami'an da za su ɗauki samfur, sauran kuma a haƙa rami mai zurfin da ya kai ƙugun babban mutum, nesa da rijiya, a binne su tare da gashi da shimfiɗar akurki, a danne da duwatsu. Yar da su a bola ko kwata ko bakin rafi shi ne ke kai cutar ga ungulu da karnuka da kajin unguwa baki ɗaya. A ranar kuma a sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ko malamin gona, ko mai unguwa ya isar da saƙon. Mutane suna ɓoyewa don tsoron za a kashe musu sauran kajin, kuma lallai idan aka tabbatar da cutar haka ake yi, amma kajin da suka kwana akurki ɗaya da masu cutar da wuya su tsira ko an ɓoye su, kuma a lokutan da gwamnati ta biya diyya, waɗanda jami'ai suka ƙirga suka kashe ake lissafawa.

Duk wanda ya taɓa kajin da suka mutu ya lura da jikinsa na kwana goma. Idan zazzaɓi ya zo, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko jan ido, ko wahalar numfashi, ya tafi asibiti nan take ya faɗa wa likita a fili cewa kajinsa sun mutu, domin akwai maganin da ake ba mutane kuma ya fi aiki a kwana biyun farko. Ana kuma iya kiran Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya kyauta a lamba 6232.

Idan mutuwa ta riga ta share gida, kada a yi gaggawar sake zuba kaji. A yayyafa ruwa a ƙasan akurkin kafin a share don kada ƙura ta tashi, a kankare saman ƙasar a binne, a ƙone zana da karan da ba za su wanku ba, a wanke bango da ƙofa da ruwan bilic, sannan a bar wurin a buɗe rana ta doke shi aƙalla makonni uku, ko fiye idan jami'an lafiyar dabbobi sun ce a jira. Bayan haka a fara da kaji biyu ko uku daga gidan da aka san ba a yi mutuwa ba, a zuba musu ido na wasu makonni ukun, sannan a ƙaro sauran.