Kalmomin Turanci masu kai ɗaya, wutsiya daban

Jama'a akwai wasu kalmomin Turanci da suke kayar da mu kullum, ba wai rashin karatu ba ne, ido ne yake ganin haruffan farko sai ya ƙarasa sauran da ka, kuma waya ba za ta ja maka jan layi ba tunda duk biyun kalmomi ne na gaske.

Wanda ya fi yawa a garin nan stationery da stationary. Ka zaga shagunan kayan rubutu a Sabon Gari ka ɗaga kai ka dubi alluna, wallahi sai ka gaji da ƙirga. Mai e ɗin, stationery, shi ne biro da takarda da ambulan, mai a kuma abu ne da ya tsaya cak ba ya motsi, kamar mota a cunkoson Kantin Kwari. Ka riƙe cewa envelope da e ya fara, shi ke nan ka huta. Abin haushin mai rubutun allo ya riga ya karɓi kuɗinsa, fenti ya bushe, haka za a yi shekaru ana kallo.

Sai principal da principle, wannan 'yan WAEC da NECO ku buɗe kunne, don a wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ake yawan faɗawa, tun a adireshi yaro ya rubuta The Principle. Shugaban makaranta principal ne, haka uwar kuɗin da aka ranta kafin a ɗora ruwa. Principle kuwa ƙa'ida ce ko aƙidar da mutum ya tsaya a kai.

Lose da loose kam 'yan ƙwallo ne iyayen gidansa, ranar da Kano Pillars ko Arsenal za su buga wasa Facebook cika yake da we will not loose. Malam o ɗaya ce, lose, rasa abu ko shan kashi, kuma ƙarshenta da sautin z ake faɗa. Loose sako-sako ne, wando ya yi maka yawa ko noti ya kwance.

Advice suna ne, shawarar kanta, advise aikatau, ba da ita. Quiet shiru, quite sosai ko da ɗan dama. Personal na ƙashin kai, personnel ma'aikata.

Amma wanda ya fi ban kunya launch da lunch, a buga kati mai tsada a gayyaci manya ƙaddamar da littafi a rubuta book lunch, wato abincin rana. Kafin ka kai aiki wajen masu ɗab'i ka ba wani ya karanta maka harafi-harafi daga ƙarshen kalma, su abin da ka tura musu a WhatsApp shi za su buga.