Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓen Girman Hoto, Kwali da Firam

Na gaji da ganin sababbin masu sayar da hoto suna asarar kuɗi a kan abin da ɗan lissafi zai magance tun kafin a kai hoto wanki.

Babban kuskure, wanda ni ma ya taɓa cin aljihuna, shi ne mantawa da siffar da kyamara ke fitar da hoto. Yawancin manyan kyamarori suna ɗauka ne a ma'aunin 3 da 2, wato tsawo kashi uku faɗi kashi biyu, gadon tsohon fim mai milimita 36 da 24, saboda haka girman da ya dace da su shi ne inci 4 da 6, ko 8 da 12, ko 12 da 18, ko 20 da 30. Firam ɗin da suka fi yawa a kasuwa kuwa, irin su 8 da 10 da kuma 16 da 20, ma'auninsu 5 da 4 ne. Lokacin da nake sabon shiga, na tura hotuna masu yawa wanki a kan 8 da 10 ba tare da na duba ba, sai injin ya datse inci biyu daga tsawon kowanne, wato kashi ɗaya cikin shida na hoton. Dawakin da na yi kwanaki ina bi suka dawo babu kofato, dole na sake biyan kuɗin wanki. Tun daga ranar ba na barin kowa ya yanke mini hoto; ko dai in yanke da kaina a kwamfuta, ko in wanke shi cikakke a 8 da 12.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin girman kai ne ke jawo shi. Mutum zai fitar da hoto a wani baƙon girma da sunan fasaha, ya bar mai saye da yawon neman wanda zai ƙera masa firam na musamman, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na hoton. Wannan mai saye ba zai dawo ba, kuma laifinka ne. Aikin kwali mai taga, wanda ake ɗorawa a kan hoto, shi ne raba wannan gardama: ka yanke tagar yadda hotonka yake so, amma gefen waje ya zama girman da ake samun firam ɗinsa a ko'ina. Ni daga firam nake fara lissafi in dawo baya. Hoton 8 da 12 yana shiga kwalin 12 da 16, na 8 da 10 yana shiga 11 da 14, na 11 da 14 kuma yana shiga 16 da 20. Girma uku kawai nake sayarwa, ko da wasu na ganin na takura kaina. Mai aikawa ƙetare ya tuna cewa a Amurka inci ake bi, a Turai kuwa santimita da takardun A4 da A3 ne suka fi yawa.

Kada taga ta yi daidai da hoto cif, domin zai zame ta ciki. A rage ta da kusan rubu'in inci a kowane gefe, wato 7½ da 9½ ga hoton 8 da 10. Kwali mai siririn gefe yana shaƙe hoto. Ba na yin ƙasa da inci biyu idan hoton ya kai 8 da 12, kuma nakan ɗan ƙara faɗin gefen ƙasa, don idan an daidaita gefunan ido yana ganin kamar hoton ya zube.

Kwali mai sinadarin asid yana rina gefen hoto ya koma ruwan ɗorawa bayan 'yan shekaru. Hoton da ya taɓa gilashi yana iya manne masa idan akwai danshi. A liƙe hoto daga sama kawai, don takarda tana buɗewa tana tsukewa da sauyin yanayi. Hoto mai ɗigo 6000 a tsawo kuma (ɗigo su ne ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa hoto a kwamfuta, wato pixel), idan ana son ɗigo 300 a kowane inci, iyakarsa inci 20.