Yadda za ka zaga Bolibiya da jakar goyo da 'yan kuɗi kaɗan

In aljihunka ba nauyi amma kana son ganin Kudancin Amurka, fara da Bolibiya, akwai araha. Biza da katin rigakafin shawara dai tun kafin ka tashi.

La Paz, birnin da gwamnatin ƙasar ke zaune, tana kan tsauni ne, kusan mita 3,600 sama da teku, wallahi 'yar matakala za ka hau ka ji numfashi na neman ɗaukewa, don haka kwana biyun farko bi a hankali, sha ruwa sosai, kar ka ce za ka nuna ƙarfi. Kama gado a ɗakin haɗaka, abincin rana kuma a kasuwa, amma fa ka tambaya ko naman alade ne. Cikin gari hau Mi Teleférico, motar da ke tafiya a kan igiya, ta fi tasi sauƙi nesa ba kusa ba.

Zuwa Uyuni, garin da ke kusa da filin gishirin nan da ya haura murabba'in kilomita 10,000, bi bas ɗin dare ka huta da kuɗin ɗaki. Kar ka biya kuɗin yawon ta intanet, bari ka isa ka yi ciniki. Tafi da rigar sanyi da baƙin tabarau, hasken gishirin na kashe ido, sannan riƙe tsabar boliviano, kuɗin ƙasar, don kati bai cika aiki a can ba.