Idan monita ta ƙi kawo hoto

Yawancin monitocin da ake kawo min shago nan Ƙofar Ƙaura ba mutuwa suka yi ba. Fara duba ƙaramar fitilar gaba. In ta koma ruwan lemo, saƙon kwamfuta ne bai iso ba: zare wayar VGA ko HDMI, wato wadda ta haɗa monita da kwamfuta, ka hure ƙurar hunturu, ka mayar.

In fitilar lafiya lau amma fuskar baƙi ƙirin, kara tocila jikin gilashin. Ka hango hoto dishi-dishi? Fitilun baya, waɗanda ke haska gilashin daga ciki, sun mutu.

Mai kawowa tana ɗaukewa kuwa, galibi kafasito ne, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikin monita, ya kumbura. Malam, kada ka kai hannu da gaggawa, domin babban kafasito yakan riƙe wutar lantarki mai ƙarfin sama da bolt 300 ko an zare fulogi.