Kafin a rushe gidan gado a Nima a ɗora bene

Idan mai kuɗi ya zo da tayin rushe tsohon gida a unguwar Nima da ke Accra ya gina shaguna da bene, a fara da takarda. Magada su karɓo takardar kula da gado daga kotu, domin sa hannun babban yaya shi kaɗai ba ya ɗaure sauran. Daga nan safiyo mai lasisi ya zana taswirar filin, a kai ta hukumar filaye, wato Lands Commission, a bincika sunan wanda ke rajista. A nan ake yawan tuntuɓe: kakanni da dama sun zauna ne da yardar masu ƙasa, ba takarda, ga katanga ta ci lungu.

Yarjejeniya ta fayyace shekarun da mai kuɗin zai ci moriya, shagunan da za su zama na iyali, da wanda zai biya musu haya har a gama. Idan ba ɗan Gana ba ne, doka ba ta ba shi fiye da shekara 50.

Kada a cire ko kwano ɗaya sai izinin gini ya fito daga majalisar Ayawaso East da ke kula da Nima, in ba haka ba jan fentin dakatar da aiki zai hau bango. Gidan da ke bakin babbar kwata kuma a gwada ƙasarsa tukuna.